Taron Da Ya Kasa Cike Rami

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Ni ne Sale tela daga Basirka.

Da samarinmu suka fara guduwa Kano da Ikko neman kuɗin mai, na tara magidanta kowace Juma'a mu tattauna yadda za mu rage talauci. Babbar damuwarmu ramin hanyar kasuwa ne, wanda ya hana motar masu sayen gyaɗa shigowa.

Malam, Juma'a huɗu muna gardamar wanda zai zama shugaba! Da na ambaci ramin, sai Alhaji Bala ya ce, "Tela, bari mu sa wa ƙungiyar suna tukuna."

Ranar Talata Inna Hansai mai daddawa ta tara tsofaffin mata, suka yi ta jidar dutse a ka har suka cike ramin. Mota ta shigo. Wallahi na kasa haɗa ido da Inna.

Yanzu kuma an kira taron gaggawa, wai a binciki wanda ya ba su izini. Don Allah masu sauraro, in je, ko in roƙi Inna ta karɓi shugabancin? A gaishe min da ita.