Lokotoron da Ake Bi Har Kano

A tashar Tasawa, wani dattijo da ƙyalle ɗaure a ido ɗaya yana jiran mota ta cika. Wata mata mai kwandon gyaɗa ta zauna a gefen bencin.

"Baba, ina aka nufa da wannan ido?"

"Kano, ɗiyata. Wani ɗan'uwana da ke can ya ba ni sunan babban lokotoro, Sirajo. An ce hannunshi da albarka."

"Ba ku da gidan likita a garinku?"

"A Maijirgi? Shekarun baya an turo muna wani, ɗan Baudeta. Mun san ubanshi sarai, amalanken jaki yake kora. Wa zai miƙa ma wannan idonshi? Ya yi ta zama yana korar ƙuda, har ya gaji ya tafi. Yanzu awaki ke kwana a ƙofar."

"Allah sarki. Ka tuna sunanshi?"

"Wa ya tambaya? Ɗan mai jaki muke ce mashi."

"To, Allah shi ba da lafiya. In ka isa ka gaida mani Sirajon, ka ce ƙanwarshi Hamida ta Baudeta ce. Tsohonmu na nan ƙalau, jakin ma haka."