Haihuwa a Kan Buhunan Gyaɗa

Na yi jika, namiji! Af, gafara dai, salamu alaikum mai gabatar da shirinmu na rediyo. Ni ne Malam Isa daga Maijirgi, da hannuna na rubuto, albarkacin karatun yamma.

Ranar Talata naƙuda ta tsananta wa ɗiyata Hajara, muka sa ta a tsohuwar motar gyaɗa zuwa likitar Tasawa. Tun daga gida injin yake kacau-kacau. Na yi magana, direba ya ce, "Baba, gaisuwarta ke nan." A tsakiyar daji motar ta mutu. Ashe sarƙar cikin inji ce ta saki, haƙoran ƙarfen da take kamawa sun cinye. Muka tura, ta ƙi tashi. Ba gari kusa, ba ko jaki, ga rana tsaka. Hajara tana kiran "Baba, Baba," ni kuwa ba abin da zan iya yi mata.

Sai wata tsohuwa mai daddawa da muka ɗauko a hanya ta ce, "Maza, ku ba mu wuri!" Muka koma nesa muna addu'a, har muka ji kukan jariri. Uwa da ɗa lafiya lau.

Direbobi, ku riƙa sauraren injinku! Suna Talata mai zuwa. Na karɓo sarƙar a wurin direba na rataye a zaure, kowa ya zo ya ga yaron, ya gan ta.