Kifin Gola Hepworth

A tashar bas, daura da wani rufaffen shagon kifi da dankali, Wilf ya zauna kusa da wata dattijuwa da bai sani ba.

"Shagon Cyril Hepworth ke nan," in ji shi. "Golanmu da ya saki ƙwallo a wasan ƙarshe, muka faɗa rukunin ƙasa."

"Ka taɓa cin kifinsa?"

"Sau ɗaya. Ai ba ya miƙo wa mutum, sai ya naɗe a jarida ya wurgo ta saman kanta. Nawa ya suɓuce, dankali ya watse, mutane suna ta dariya."

"Me ya ce maka?"

"Cewa ya yi, 'Ka ga ba sauƙi,' ya soya mini wani kyauta. Ni kuwa shekara uku ina yi masa ihu a fili. Kunya ta hana ni komawa har ya mutu."

Matar ta gyara jakarta.

"Ya gane ka, bawan Allah. Duk wanda ya zage shi, sai ya shafa wa jaridarsa mai."

"Ke ya aka yi kika sani?"

"Ni nake share dankalin, mijina ne. Ya daɗe yana jiran ka dawo ka cafke."