Rairayin Takalmin Kaka Ardelia

Mai girma Magajin Gari Thurman Doughty, wanda ya roƙe ni kada in wuce minti biyar, na kuma ji roƙonsa da kunnena; Fasto Alton da 'yan majalisar gari; masuntanmu da suka yi wanka yau saboda taro; matan coci da ƙamshin soyayyiyar ƙaguwarsu ke hana ku saurarona; 'yan asalin garin nan namu Pellam, da mu jikokin Tsibirin Awaki da har yau kuke kira baƙi bayan shekara casa'in; da ƙanena Verlon da ke can baya ya harɗe hannu ya ɗaure fuska: barkanmu da rana.

Ni Odessa Gaskill, ina godiya da aka ba ni damar ba da tarihi a bikin cikar garinmu shekara ɗari biyu. Zan bayar, amma ku sani da buƙata na zo.

Na farko, garin nan yana tsaye ne saboda tsibiran can uku suna shan dukan teku a madadinsa. Su ke tare guguwa, su ke tare igiyar ruwa, su ke ƙarewa kaɗan-kaɗan, mu kuma muna zaune a baranda muna yabon iska. A Tsibirin Awaki an yi gida arba'in, da coci, da makaranta, da awakin da suka fi mutane yawa, suka kuma fi su jin magana.

Na biyu, da babbar guguwa ta cika cocin tsibirin da ruwa, kakanninmu suka ɗora gidajensu na katako a kan manyan jirage suka tsallako da su nan. Kowa ya yarda sai kakata Ardelia. Wata matar Pellam ta taɓa cewa burodin Ardelia na warin akuya, ita kuwa ta miƙe a coci ta rantse ƙafarta ba za ta taɓa taka ƙasar Pellam ba. Mijinta, Kaka Lemuel, bai yi musu ba. Ya bari sai da ta ɗora kifi a wuta, aka ɗaga gidan da ita a ciki.

Suna tsakiyar ruwa ta leƙo ta ce, "Lemuel, me ya sa bishiyar nan ke tafiya?"

Ya ce, "Ba bishiya ba ce, Ardelia, mu ne."

Ta ce, "To ka gaya wa gidan naka na rantse."

Wata huɗu ba ta fito ba. Ta taga take sayayya, ta taga take faɗa da maƙwabta, ta taga take gyara wa Fasto wa'azinsa. Da abin ya ishi Lemuel, sai ya tuƙa kwale-kwale ya koma tsibirin, ya ciko bokiti da rairayi, ya zuba mata cikin takalma. Ta dube shi, ta dubi takalman, ta zura ƙafa, ta tafi coci tana ɗaga kai. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana yawo a garin nan a kan ƙasar tsibirinta, shi kuma duk Asabar yana kan ruwa da bokiti.

Sau ɗaya sanyi ya sa shi ha'inci, ya ɗebo a bakin rafin bayan coci. Tana sa ƙafa ɗaya ta zare.

"Wannan ƙasar magulmata ce. Koma."

Ya koma.

Na uku, kuma nan zan daina ba ku dariya. Da ta rasu, a tsibirin aka binne ta kamar yadda ta yi wasiyya. Lemuel kuwa kabarinsa na nan bayan coci, don ya ce tuƙin ya ishe shi haka. Bara na auna daga kabarinta zuwa ruwa, taku ashirin da shida. Watan jiya na sake aunawa, taku goma sha ɗaya. Guguwar hunturu na tafe, kaburbura goma sha bakwai ke wurin, ina gama magana kuma za ku ɗaga hannu a kan ko a kwaso su ko a bar su.

Verlon ya ce mini, "Yaya, matar nan rantsewa ta yi. Ni ko a mace tsoronta nake ji."

Ban ga laifinka ba, Verlon, ni ma ina ji. Amma ita ce ta riƙe mu da uwarmu ta rasu, kuma zuciyata ba za ta ɗauka ba in tsaya a baranda ina kallon teku na tafiya da ita.

Ku dubi abin da ke hannuna. Takalminta ne na hagu, har yanzu da rairayi a ciki. Roƙona gare ku ke nan: kafin a taɓa akwati ko ɗaya, kowane mai jirgi ya tsallaka ya ciko bokitai, mu haƙa rami kusa da Lemuel, mu shimfiɗa mata ƙasarta a ƙasa, mu rufa mata ita a sama. Mutum ɗaya ya yi wannan shekara talatin da ɗaya da kwale-kwale, mu da jirage goma sha biyu masu inji ba za mu kasa Asabar ɗaya ba. Duk wanda kuma ya ɗebo a bayan coci, ya sani za ta gane.

Verlon, hannun nan da ka ɗaga, yarda ce ko ƙuda kake kora? Yarda ce? Magajin Gari, rubuta shi maza kafin ya sauke, jirginsa ne mafi girma.

Allah Ya albarkaci Pellam da 'yan asalinta da baƙinta. Allah Ya kare masu shiga teku, Ya riƙe mana ragowar tsibiranmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya. Allah kuma Ya ba Kaka Lemuel haƙuri, shekara hamsin yana hutawa, ga ta nan zuwa.

Na gode.