Ranar da Na Kira Sunan Ɗan Farina

Mata 'yan'uwana na zumunta, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu.

Ina masussuka a bayan Gozaki ina sheƙar dawa, sai ga Ishaya ƙanin maigidana a kan babur. Ko kashe shi bai yi ba. Ya ce, "Yaya, ajiye ƙwaryar nan. Babbar mota ta buge ɗanki a hanyar Funtua. Ya cika."

Ɗan farina ne. Kun san yadda muka taso, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun yana goye har ya yi gemu, "yaron nan" nake ce masa. Da aka kawo gawarsa ma kunyar ba ta sake ni ba. Ƙannensa suna kuka, ni ina miƙa wa baƙi ruwa. Mutane suna ta yabon bangaskiyata.

Ranar jikina ya fara ƙaiƙayi. Na ɗauka na dawar ne, na yi wanka, bai tafi ba. Kaka ta wuce, wata ta zo, ina susa. Na sosa da farce, na sosa da totuwar masara har jini. Na sha sassaƙe, na shafa man kemis kala-kala. Na daina zuwa sujada, domin ba na iya zama a benci.

Likitan fata a Zariya ya duba ni, aka gwada jinina, ba a ga komai ba. Ya tambaye ni yaushe abin ya fara. Da na gaya masa, sai ya tura ni wurin wata likita mai jinyar waɗanda tashin hankali ya taɓa. Na ce, "Likita, ni ba mahaukaciya ba ce." Ya ce, "Na sani, Mama. Ki dai je."

Na je. Ba allura, ba ƙwaya. Ta koya mini jan numfashi a hankali, sannan ta sa in riƙa ba ta labarin ranar, kaɗan-kaɗan. Duk lokacin da na kai wurin babur ɗin Ishaya, sai hannuna ya tafi wuyana. Ita ta fara lura.

Wata rana ta ce, "Mama, mene ne sunansa?"

Bakina ya ƙi. Ta ce ba gaggawa.

Na dawo gida na durƙusa. Na ce, "Ya Uba, kai ka san shi. Bitrus nake nufi. Bitrus ɗana!" Wayyo, 'yan'uwa! Kukan da na hana kaina ranar jana'iza, ranar nan ya fito duka.

Na ci gaba da zuwa wurin likitar wata da watanni. Ƙaiƙayin ya yi ta raguwa, miyakun suka warke. Wani lokaci yakan taso, amma yanzu na san abin yi. Ga ni yau na zauna tun farkon sujada. Yabo ga Ubangiji!

Ke da kike riƙe da naki a ciki, ki dogara ga Allah, ki kuma je asibiti. Shi ne ya ba su sanin.

Ku sa ni a addu'a. Dawa ta nuna, ana ta yanka. Har yanzu ban iya komawa masussukar nan ba.