Wa Zai Hau Tudun Shozo Gobe?

Mai girma limamin haikalinmu da ya ja mana addu'ar yau, mai girma shugaban gari, Dattijo Onodera shugaban ƙungiyar masunta, masu jirage da matan rumfar shanya kifi, Yaya Tomie mai ɗakin marigayi, Noboru ɗansa, da sauran dangi na kusa da na nesa, ina gaishe ku, ina kuma yi mana gaisuwar wannan rashi.

Ba don na fi kowa iya magana aka tsayar da ni da yawun gari ba. An tsayar da ni ne don ni kaɗai na rage wanda ɓangarori biyu na zauren nan ke amsa wa gaisuwa. Ku dubi yadda kuka zauna. Masu son jirage su fita gobe sun tattaru a dama, masu cewa a dakata suna hagu, an bar tsakiya fili kamar za a shigo da jirgi. Mun zo tuna Kumagai Shozo ne, amma kowa da abin da ya ƙunso a ciki, don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Dokar garin nan ta girme mu duka. Idan sanyi ya janye, lokacin kamun merodo, siririn kifin nan mai shigewa yashi, ya yi, jirgi ba ya barin gaɓa sai mai tsaron tudun da ke kallon teku ya ɗaga farar tuta. In ja ya ɗaga, kowa ya koma gida ya gyara komarsa. Tun muna da baƙin gashi Shozo ke riƙe da wannan tudu. Ya rasu ƙanƙara na kan rufin gidaje. Yanzu ta narke, tsuntsayen teku sun dawo sun cika duwatsu da kukansu irin na kyanwa, gobe ce ranar buɗe kamu, kuma babu kowa a kan tudun.

Ya kasance mutum mai haƙurin kallo. Na taɓa hawa na kai masa shayi da dunƙulen shinkafa, na same shi tsaye ko ƙiftawa ba ya yi. Na hango tsuntsaye fari fat a kan ruwa, na ce masa ga kifi can kamar a ɗiba da hannu, me yake jira? Bai ko waiwayo ba, ya ce waɗancan 'yan neman sa'a ne irina, yawo kawai suke a warwatse. Sai da shayin ya huce sannan ya nuna mini wani wuri daban, inda baƙaƙen tsuntsaye masu nutso suka koro kifin daga ƙasa suka dunƙule shi, fararen kuma suka haɗe wuri guda suna faɗawa. Ko a nan ɗin ma bai ɗaga tuta ba sai da suka ci suka fara nauyin tashi. Ya ce su suka nemo, su za su fara ci, mu baƙi ne a wannan akushi.

Ya kasance mutumin da ba ya ƙyanƙyamin aikinsa. Mun sha ganin sa yana rarrafe a tsakanin duwatsu da ɗan tsinke, yana tona abin da namijin tsuntsu ya amayar wa macensa, don ya san daga ina suka ciwo. Mun yi masa dariya har mun gaji. Yaya Tomie, ke kika sha warin, ke ce kike tsare shi a bakin ƙofa sai ya tuɓe riga kafin ya taka miki tabarma.

Ya kasance mai taurin kai, wannan ko a gaban hotonsa zan faɗa. Akwai safiyar da sama ta yi garau, teku ta kwanta luf, ya ɗaga ja don kawai tsuntsaye sun ƙi tashi, sun lafe a duwatsu sun fuskanci gefe guda. Mun zage shi son ranmu. Kafin rana ta take, iska ta ɗauke rufin rumfar shanya. Da yawa daga cikin masu furfurar da ke zaune nan, ba don tutar ranar ba da ba su kai ga furfurar ba.

Sai kuma bara. Bara ya ɗaga ja ranar farko, ya ɗaga ja washegari, ya ci gaba da ɗaga ja har lokacin kamu ya nemi ƙarewa. Da muka tare shi, ya ce mana tsuntsaye sun daina fita teku. Da safe sai su juya wa ruwa baya, su bi masu huɗar gonakin shinkafa suna tsintar tana, wasu su tare a juji bayan kasuwa. Ya ce abin da yake tonowa a duwatsu babu merodo a ciki. Ya ce kifin ya yi ƙaranci, in muka kwashe ɗan abin da ya rage, babu wanda zai shige yashi ya yi ƙwai don baɗi.

Maganarsa ba ta cika tukunyar kowa ba. Rumfar shanya ta zauna wayam, samari suka fara tafiya birni neman aiki, wasu har yau ba su dawo ba. Masu fushi suna da dalilin fushinsu, ba na ce ba su da shi ba. Aka daina yi wa Shozo sallama a hanya. In ya shiga gidan wanka, sai hira ta mutu. Duk da haka kullum da safe yana hawa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya ɗaga tutar da ya san za ta ƙara masa baƙin jini.

Noboru, ɗana, ka yi haƙuri, sai na ambace ka, don in na tsallake wannan kowa zai san na tsallake. Kai ne ka kunce jirginka a ƙarƙashin jar tutar ubanka, abin da ba a taɓa yi ba a garin nan, mutane suka bi ka. Kuma ka dawo da kifi, jirgi cike har baki. Gari ya ɗauki sowa, aka ce ashe tsoho ya rikice. Ina tsaye a wurin lokacin da ya sauko, ya tsoma hannu cikin kwandon, ya juya, ya sake juyawa, duk manya ne masu ƙiba. Ya ɗago ya dube ka ya ce, "Ina 'ya'yan? Iyayen ka kwaso." Ka ce masa, "Baba, mutane ba sa cin tuta." Daga ranar ba a sake jin muryarku tare ba, har aka sa shi a akwati.

Ban san wanda ke da gaskiya a cikinku ba, kuma duk wanda ya ce ya sani a zauren nan ƙarya yake. Teku ba ta gama ba mu amsa ba. Abin da na sani shi ne, in gari ya waye gobe babu tuta, na dama za su kunce jirage, na hagu za su tare musu bakin gaɓa, kuma duk mun san irin ƙarafan da ke cikin jirgi. Tsorona ke nan, kuma na faɗe shi a fili.

Yau da safe Yaya Tomie ta kira ni, ta ba ni tutocin nan biyu da kuke gani a kan tebur. Ta ce tun Noboru na goye ubansa ke hawa tudun da shi, babu mai idon karanta tsuntsu kamarsa a garin nan, amma ita ba za ta iya roƙonsa ba, don a matsayin uwa ba ta son ya ɗanɗani abin da mijinta ya ɗanɗana. Yaya, kin yi naki, ki bar mana sauran. Noboru, mu ne ke roƙon ka. Dattijo Onodera ya yarda, na hagu sun yarda, na dama dama mutanenka ne. Duk wadda ka ɗaga za mu bi, kuma ba za a daina gaishe ka a hanya ba. In akwai wanda bai ɗauki wannan alkawari ba, ya tashi yanzu a gaban hoton Shozo, kada ya bari sai gobe a bakin ruwa.

Babu wanda ya tashi. To, ku shaida.

Ku ba shi hanya ya wuce. Taho, ɗana, ba sai ka ce komai ba.

Na baya da ba ku ji ba, ga abin da ya ce. Ya ce, "Kawu, tun da ƙanƙara ta narke nake zuwa duwatsu da tsinke. Tana kawai nake tonowa, babu merodo." Jar ya ɗauka. Farar tana nan a kan tebur.

Na dama, ina ganin fuskokinku. Nawa jirgin ma an gama yi masa fenti, an zuba mai, jikokina na jiran kifin bana kamar naku. Da na fita daga nan zan je in ƙara masa igiya, mai so ya zo mu ɗaura tare.

Muna godiya ga liman, da shugabanni, da matan da suka dafa abincin da ke jiran mu, da duk wanda ya tako. Kowa ya matso ya sa turarensa, a bar iyali su fara. Muna roƙon Buda mai tausayi ya haye da Shozo zuwa ɗaya gaɓar, ta lahira, lafiya, magabata su tarbe shi da fuska a sake. Ya sanyaya zuciyar Tomie. Ya ba Noboru ƙafar hawa, mu kuma ya ba mu bakin gaishe shi idan ya sauko.