Furar Laminu Ɗan Canji

A tashar Magariya, Malam Muttaƙa na jiran motar zuwa garin Dogo-Dogo ta cika, sai ya leƙa ordinatar, wato kwamfutar, da wata budurwa ta buɗe bisa cinyarta.

"'Yata, karatu kike?"

"A'a Baba, aikin shagonmu ne. Riɗi muke saye da sefa, mu sayar a Kano da naira. Ina saita ta ne ta riƙa juya kuɗin biyu da kanta."

"Wa ke gaya mata farashin canji?"

"Ta intanet take ɗaukowa kowace safiya."

"Ba ko gaisuwa? Tir! Mu a zamaninmu sai ka hau keke har Maigatari wajen Laminu ɗan canji. Mutum mai taurin kai! Ba ya faɗa maka farashi sai ka sha fura, ka ba shi labarin kowa na gida."

"Ai ɓata lokaci ne, Baba."

"Ni ma haka na ce da na sayi waya. Sai na daina zuwa, in buga kawai in tambaya."

"Yanzu yana ina?"



"Rasuwarsa ma a waya na ji, 'yata. Farashi na buga in tambaya."